Bakteriyar Ƙasa da Fosforas ɗin Rake: Abin da Za Ta Iya da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

 

Duk wanda ya taɓa sayen buhun kamfa ya ga lambobi uku a jikinsa, ko 15-15-15 ko 20-10-10. Lambar tsakiya ta fosforas ce, kuma a kanta maganarmu za ta tsaya yau, domin a cikin sinadaran nan uku babu wanda ƙasa ke yi wa manomi ƙwange a kansa kamar shi. In ka zuba kilo 100 na fosforas a gona, abin da shuka za ta sha a shekarar farko da wuya ya wuce kilo 10 zuwa 25. Sauran bai bi ruwa ba, bai kuma tashi sama ba yadda yuriya ke yi in an bar ta a fili. Yana nan cikin gonar, ƙasa ta riƙe shi. Yau shekara fiye da 70 ke nan masana suka san akwai wata irin bakteriya da ke zaune a gindin shuka, wadda ke iya sa ƙasa ta saki wani abu daga cikin abin da ta riƙe, kuma a 'yan shekarun nan zancenta ya dawo da ƙarfi, har ana sayar da ita a kwalba da leda. Abin da nake so in kafa wa hujja shi ne, amfanin bakteriyar nan gaskiya ne, rake kuwa yana cikin amfanin gonar da suka fi dacewa da ita, amma ba ta ƙirƙirar fosforas ko ƙwaya ɗaya. Mabuɗi ce, kuma in rumbun da aka buɗe babu hatsi a ciki, kyawun mabuɗin ba ya ciyar da kowa. Saboda haka, mu a Nijeriya da Nijar, kafin mu tambayi wace kwalba za mu saya, sai mun fara tambayar me za mu sa a ƙasa wanda bakteriyar za ta buɗe.

Yadda ƙasa ke riƙe fosforas ba abin ɗaure kai ba ne. Saiwa ba ta cin ƙasa, abin da ya narke cikin damshi kaɗai take sha. Takin supa da DAP suna narkewa da sauri, amma fosforas ɗin da ya fito daga cikinsu ba ya daɗewa a narke. A jar ƙasa mai tsami yakan manne wa ƙarfe da alminiyam, a baƙar laka mai yawan kalsiyam kuwa yakan haɗu da kalsiyam ɗin ya daskare, kuma yana daɗa daɗewa yana daɗa tauri. Tsakanin waɗannan biyu, wato ma'aunin tsami na 6 zuwa 7, nan ne shuka ta fi samun rabonta. Ga kuma wata matsala: fosforas ba ya tafiya a ƙasa. Naitirojin yana bin ruwa har ya tarar da saiwa inda take, shi kuwa fosforas 'yan milimitoci kaɗai yake gusawa, don haka sai saiwar ta je ta same shi. Wannan ya sa duk abin da zai faru game da fosforas, a ɗan siririn yankin nan da ke manne da saiwa yake faruwa, kuma nan ne mazaunin bakteriyar da muke magana a kanta.

Rake ba ya cin fosforas da yawa in an gwada da sauran biyun. Lissafin da masana rake na Birazil suka daɗe suna aiki da shi ya nuna tan 100 na rake yana ɗauke da kimanin kilo 20 na fosforas tsantsa, alhali naitirojin ya haura kilo 140, fotash kuma ya fi haka. Amma ɗan abin nan da yake buƙata, da wuri yake buƙatarsa, a watannin farko lokacin da ido ke tohowa, saiwa ke bazuwa, gindi ke yin 'ya'ya. In ya rasa a lokacin, gindin ba zai cika ba, kara ya fito siriri, gaɓoɓi su gajarce, ganye ya tsuke, tsofaffin ganyen su sauya launi. Yawan karan da za a sara bayan wata 11 ko 12 a waɗannan makonni ake yanke shi, kuma takin da aka zuba a makare ba ya mayar da 'ya'yan da ba su fito ba. Abin bai tsaya a gona ba ma. A masana'antar sukari, in fosfet ɗin ruwan rake ya gaza kimanin miligiram 300 a lita, ruwan ba ya tacuwa da kyau, dattin ba ya kwanciya, sai kamfani ya sayi asid ɗin fosforas ya ƙara. Ke nan kamfanin da rakensa ya yi yunwar fosforas sau biyu yake biya, a gona da kuma a tukunya.

Kuɗin da ake biya kuwa ba a gida yake tsayawa ba. Ana iya samo naitirojin daga iska, shi ya sa Nijeriya mai iskar gas take yin yuriya har ta sayar waje. Fosforas sai an haƙo shi daga dutse, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na dutsen fosfet da aka tabbatar a duniya yana hannun Maroko. Shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla bayan ziyarar Sarkin Maroko Muhammad na Shida a Disamban 2016, wanda ya saukar da buhun 20-10-10 zuwa naira 5,500 a lokacin, a kan DAP ɗin Maroko aka gina shi. A 2008 farashin dutsen fosfet ya ninka sau da yawa cikin 'yan watanni, a 2022 kuma, bayan Sin ta taƙaita fitar da takinta yaƙin Rasha da Yukiren ya biyo baya, tan ɗaya na DAP ya doshi dala 1,000. A gefe guda ƙasar nan tana da burin ciyar da kanta da sukari tun da aka kafa Hukumar Bunƙasa Sukari a 1993 aka kuma amince da babban tsarin sukari a 2012, amma har yau abin da Numan da Sunti da sauran gonaki ke samarwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da muke sha ba, mafi yawan ɗanyen sukarin daga Birazil yake zuwa. Duk hektar da za a ƙara a Lafiagi ko Tunga ƙarin fosforas ne da za a saya da dala. Wanda zai iya rage rubu'in wannan kuɗi ba tare da rake ya ragu ba ya cancanci a saurare shi.

To, me bakteriyar ke yi? A 1842 wani Bature mai suna John Bennet Lawes ya yi rajistar dabarar zuba asid a kan ƙashi da dutsen fosfet don fosforas ɗin ya narke, kuma daga nan takin supa ya samo asali. Abin da ake yi a masana'anta da asid mai ƙarfi shi bakteriyar ke yi a gindin shuka da asid mai rauni. Saiwa tana zubar da sukari da wasu sinadarai a kewayenta, bakteriya irin su Pseudomonas da Bacillus da Burkholderia su ci, su fitar da asid, musamman wanda ake samu daga gulukos, da irin na lemon tsami. Asid ɗin yana aiki ta fuska biyu: yana narkar da fosfet ɗin da ya daskare da kalsiyam, yana kuma kama ƙarfe da alminiyam su saki abin da suka riƙe. Akwai kuma wani kason fosforas, sau da yawa mai yawa, da ke ɗaure cikin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, wanda asid ba ya isa gare shi sai da wasu sinadaran narkarwa da bakteriyar ke fitarwa su yanke shi. Ban da wannan, da yawa daga cikinsu suna fitar da sinadarin oksin da ke sa saiwa ta yi rassa da gashi. In muka tuna fosforas ba ya zuwa wurin saiwa sai ta je, za mu ga wannan aiki na ƙarshe ba ƙarami ba ne, kuma zan dawo kansa.

Dalilin da ya sa na ce rake ya dace da wannan dabara yana cikin halittarsa. Masara da gero wata uku zuwa huɗu suke yi, shi kuwa rake yana shekara a gona, a sare shi ya yi gyauro, a sake sara har sau uku, huɗu ko fiye. Aikin bakteriya a hankali yake tafiya, kuma shukar da ke daɗewa ita ke cin moriyar abin da ke zuwa kaɗan-kaɗan. Sannan da kara ake dasa shi, don haka ana iya tsoma dashen cikin ruwan bakteriya kafin a binne, kuma wadda ta shiga cikin karan tana iya bin sa daga gona zuwa gona. A 1988 Johanna Döbereiner da abokin aikinta Vladimir Cavalcante, a cibiyar Embrapa da ke Seropédica kusa da Riyo, suka ba da rahoton wata bakteriya da ke zaune cikin jikin rake kansa, wadda yanzu ake kira Gluconacetobacter diazotrophicus. Tana jure zaƙin da zai kashe yawancin 'yan'uwanta, har sukari kashi 30 cikin 100, tana kama naitirojin daga iska, daga baya kuma aka ga asid ɗin da take fitarwa yana narkar da fosfet. Gyauro kuma shi ne inda takin zamani ya fi gazawa. Ranar dashe ana iya sa supa a ƙasan kwari inda saiwa za ta same shi, amma bayan sara ba a iya tona gindin, sai a watsa a sama inda ba ya gangarawa. Duk abin da zai ci gaba da aiki a ƙarƙashin ƙasa a shekara ta biyu da ta uku yana cike giɓin da babu wata hanya mai sauƙi ta cike shi.

Hujjar gona ma akwai ta. Cibiyar binciken rake ta Coimbatore a kudancin Indiya, wadda aka kafa a 1912, wadda kuma irin rakenta masu alamar Co suka shigo har gonakinmu, ta buga sakamakon wani gwaji a 2002. Sundara da abokan aikinsa sun zuba kilo 10 a hekta na garin da ke ɗauke da Bacillus megaterium, suka samu ƙarin rake kashi 12.6 cikin 100 a kan inda ba a zuba ba. Sun kuma ga ana iya rage takin fosforas da kashi 25 cikin 100 in an haɗa da bakteriyar, ana kuma iya maye rabin supa da garin dutsen fosfet mai araha. Ina roƙon a riƙe wannan na ƙarshe, don shi ya fi shafar mu. A Birazil, ƙasar da ta fi kowace noman rake kuma take sayo fiye da kashi 80 cikin 100 na takinta daga waje, cibiyar Embrapa ta masara da dawa a Sete Lagoas ta yi kusan shekara 20 tana tace ire-iren bakteriyar ƙasarsu kafin a fitar da BiomaPhos kasuwa a 2019, haɗin Bacillus iri biyu, daga baya aka yi rajistar irinsa don rake. Mutanen da ke lissafin kowane kwabo a kan dubban hektoci ba sa ci gaba da sayen abin da ba ya mayar da kuɗinsa.

Sai dai mai shakka yana da abin faɗa, kuma tarihi yana bayansa. A 1948 wata masaniya 'yar Tarayyar Sobiyet, Pikovskaya, ta fito da gwajin da har gobe ɗalibanmu ke yi: a zuba farin fosfet ɗin kalsiyam cikin faranti, a shuka bakteriya, in ta narkar da shi sai a ga wani garau ɗin zobe ya kewaye ta. A shekarun 1950 Tarayyar Sobiyet ta yaɗa wani haɗi mai suna fosfobaktarin a miliyoyin hektoci, da wannan Bacillus megaterium ɗin dai. Da masanan ma'aikatar gona ta Amurka suka gwada shi a farkon shekarun 1960, ba su ga abin a zo a gani ba. A 2013 Yoav Bashan da abokansa suka nuna gwajin farantin kansa yana yaudara, domin fosfet ɗin da ake sa wa a ciki ya fi na ƙasa sauƙin narkewa nesa ba kusa ba, kuma bakteriya da yawa da suka yi zobe a faranti ba sa taɓuka komai a gaban fosfet ɗin ƙarfe da alminiyam. A 2021 wasu masana ƙarƙashin Nelly Raymond suka ƙara da cewa ɗan fosforas ɗin da bakteriya ta narkar, cikinta take fara cikawa da shi, asid ɗin kuma ƙasa tana kashe kaifinsa, wasu ƙananan halittu suna cinye shi cikin sa'o'i. Ga kuma miliyoyin bakteriyar asali a kowane giram na ƙasa, waɗanda ba za su matsa wa baƙuwa ta zauna ba.

Wannan suka na karɓi mafi yawanta, kuma duk ɗalibin da ya ga zobe a faranti ya rubuta cewa ya gano takin gobe, ya kamata malaminsa ya tura shi gona. Amma abin da sukar ta rushe shi ne hanyar zaɓe da kuma girman alkawari, ba ta rushe sakamakon Coimbatore ba, wanda da sikeli aka auna shi a gona. Fosforas ɗin da ya shiga cikin bakteriya bai ɓata ba. Muddin yana jikinta ƙasa ba ta iya daskarar da shi, kuma bakteriya ba ta da tsawon rai: ta mutu ko wata halitta ta cinye ta, ya fito a daidai inda saiwa take. Ga shukar wata uku wannan jinkiri asara ce, ga shukar shekara kuwa ciyarwa ce a hankali. Haka nan in ta tabbata cewa rabin ƙarin da ake gani daga yawan saiwa ya zo ba daga narkarwa ba, manomi bai yi asara ba, rakensa dai ya ƙaru. Wanda ya kamata ya damu da bambancin shi ne malamin gona mai ba da shawara, domin saiwar da ta ƙaru ɗiban abin da ke ƙasa take ƙarawa, ba ta ƙara ko kaɗan a kan abin da ke can.

Nan muka iso ga sukar da a ganina ta fi kowace nauyi, kuma ita ce ta raba mu da Birazil. Jar ƙasar Birazil tana cikin ƙasashen da suka fi riƙe fosforas a duniya, kuma manomansu sun yi rabin ƙarni suna zuba fiye da abin da amfanin gona ke ɗauka. Masanansu sun ƙiyasta abin da ya taru a ƙasarsu ta haka ya haura tan miliyan 30. Wannan ajiyar ce BiomaPhos ke taɓawa. Mu kuwa jigawarmu ba ta da irin wannan riƙo, matsalarta talauci ne tsagwaron. Binciken da aka daɗe ana yi a Samaru, da wanda André Bationo da abokansa suka yi a Sadore kusa da Yamai, sun nuna ƙasar yashi ta wannan yanki tana da ƙarancin fosforas gaba ɗayansa, narkakke da daskararre, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta kuma sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, wanda shi ne abincin bakteriyar. Wanda ya ɗauko shawarar rage taki da rubu'i ya kai wa manomin da dama rabin abin da ya kamata yake zubawa, ya cuce shi. Shekarar farko rake na iya yin kyau, don saiwa ta ƙwaƙulo ɗan abin da ya saura, gyauro na biyu kuma ya faɗi warwas. Don haka ba a yi wa ƙasar rake duka hukunci ɗaya. Baƙar lakar Numan mai kalsiyam, wadda aka fara matsar rakenta tun 1980, da tsofaffin filayen Bacita da suka sha taki tun shekarun 1960, wurare ne da hankali ke ba da cewa akwai ajiyar da za a nema, kuma awon ƙasa zai faɗi yawanta. Fadamar mai raken sha da mazarƙwaila a Maƙarfi ko Matamaye ko Magarya kuwa kowace da tarihinta, wata ta sha kamfa da takin shanu shekara da shekaru, wata sai abin da ambaliya ta kawo mata.

Amsar wannan suka tana ƙarƙashin ƙafarmu. Akwai dutsen fosfet a yankin Dange da Shuni na Sakkwato, akwai a Ogun, akwai a Tawa ta Nijar, ga na Tilemsi a Mali da Kodjari a Burkina Faso. An daɗe da sanin su, kuma abin da ya hana garinsu karɓuwa wurin manoma shi ne jinkirin narkewa, musamman a ƙasar da ba ta da tsami, ga shi ƙura ne da iska ke kwashewa. Kamfanin supa na Kaduna da aka gina a shekarun 1970 don a riƙa yin aikin Lawes a gida bai iya riƙe kasuwar ba. To ga jinkirin narkewa, ga bakteriyar da sana'arta narkarwa ce, ga kuma abu na uku da kowace masana'antar sukari ke tarawa a bayanta: lakar da ake tacewa daga ruwan rake, kimanin kilo 30 zuwa 40 a kowane tan da aka matse. Lakar nan tana ɗauke da mafi yawan fosfet ɗin da ya fita daga gona cikin ruwan rake, ga sauran sukari, ga damshi. In aka cakuɗa ta da garin dutse aka sa bakteriya aka bar tsibin ya ruɓe, an kawar da yawancin abin da masu suka ke faɗa a lokaci guda. Abinci ya wadata, don haka asid zai yi yawa. Babu tarin ƙasar da za ta kashe kaifinsa. Baƙuwar bakteriya tana samun wurin yaɗuwa kafin ta gamu da 'yan gida, kuma abin da za a kai kwari ya zama dunƙulallen taki mai nauyi. Ƙaramin manomi da ba shi da masana'anta yana da kashin shanu da na kaji da tuƙar rake da tokar murhun mazarƙwaila, waɗanda za su yi makamancin wannan aiki. Sharaɗi guda shi ne a auna dutsen tukuna, don irin wannan dutse yakan zo da kadmiyam, ƙarfe mai guba da ba a so ya taru a gona.

Saura maganar kasuwa, wadda ta kashe dabaru masu kyau da yawa a ƙasar nan. Takin zamani ko ya shekara a shago yana nan da ƙarfinsa. Wannan kuwa abu ne mai rai, kuma kwalbar da ta kwana biyu a bayan mota cikin zafin Afrilu tana iya isa hannun manomi ba komai ciki sai ruwa, ba kuwa yadda zai gane da ido. Lokacin da cibiyar IITA ta bi kayayyakin irin wannan da ake sayarwa a Nijeriya da Kenya da Habasha ƙarƙashin shirin COMPRO, ta gwada fiye da 100, kaɗan ƙwarai suka nuna amfanin da aka rubuta a jikinsu, wasu ma abin da ke ciki daban da abin da ke kan takarda. Wannan hujja ce a kan rashin sa ido, kuma an san maganinta. Indiya ta shigar da takin bakteriya cikin dokar takinta a 2006, ta wajabta aƙalla ƙwayoyi masu rai miliyan 50 a kowane giram na gari, da ranar lalacewa a jikin leda. Mu ma muna da dokar ingancin taki ta 2019 da hukumar NAFDAC mai yi wa irin waɗannan kaya rajista. Abin da ya rage shi ne ɗakin gwajin da zai riƙa sayen kaya daga kasuwar ƙauye yana ƙirgawa, domin samfurin da kamfani ya kawo da hannunsa kullum lafiyayye ne. Zaɓen iri ma yana rage haɗarin. Bacillus tana iya dunƙulewa ta yi kwanci cikin ɓawo mai jure zafi da fari, Pseudomonas ba ta iyawa, don haka ko da ta biyun ta fi yin zobe a faranti, ta farkon ce za ta kai Numan da rai. Kuma Nodumax na waken suya da ake yi a Ibadan ya nuna ana iya sarrafa bakteriya mai inganci a cikin gida.

Abin da zai raba gardama a ƙasarmu gwaji ne, kuma irin gwajin yana da muhimmanci, don an yi da yawa a tukwane da ƙasar da aka dafa aka kashe 'yan gidanta, inda kowace baƙuwa za ta yi sarauta. Gwajin da zai amfane mu sai an yi shi a gona, a baƙar laka da kuma fadama, da irin bakteriyar da aka tsamo daga saiwar rakenmu aka tace ta da dutsen Sakkwato da fosfet ɗin ƙarfe, a jera ta da wadda aka sayo daga waje. A sa matakan supa daga babu zuwa cikakke, kowane da bakteriya da kuma babu, a sa fili guda da aka zuba masa garin ɗaukar bakteriyar bayan an kashe ta, don a san ko ita ce ta yi aikin ko takin da ta zo a ciki. Inda ake jiƙa dashe a ruwan zafi na digiri 50 tsawon awa biyu don kashe cutar da ke tsumburar da gyauro, bayan ya huce ake sa bakteriyar, kuma sai an duba ko maganin fumfunar da ake tsoma dashen ciki yana kashe ta. A auna nauyin rake da yawan sukarinsa da fosfet ɗin ruwansa, a kuma auna ƙasar kanta kafin dashe da bayan kowace sara, a bi abin har gyauro na biyu aƙalla, wato shekara uku. Cibiyar Badeggi mai alhakin binciken rake, da cibiyar sukari ta Jami'ar Ilorin, da Samaru, suna da masanan da za su yi wannan. Filin da ruwan da lakar suna hannun kamfanonin sukari, su ne kuma za su fara cin ribar in ta fito, don haka su ya kamata su ɗauki nauyin shekarun ukun, bisa sharaɗin a buga sakamakon kowa ya gani ko da bai yi daɗi ba.